Storey, Mutumin da Ya Kama Ɓarawon Masara

'Yan'uwana ɗalibai da malamai, ran nan ina ban ruwa a lambun makaranta sai na ga ganyen masararmu ya yi zane-zane rawaya, tsiron kuwa ya tsumbure. Da na girgiza shi sai waɗansu 'yan ƙwari suka yi tsalle suka watse, ko wanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wannan ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin mutumin da ya tona asirinsu.

Sunansa Harold Haydon Storey, an haife shi a Ingila cikin 1894. Yana saurayi ya tafi aiki Afirka ta Kudu, inda wannan cuta ta addabi manoma. To, ƙwari masu tsalle a ganye iri-iri ne, kamanninsu kuwa kusan ɗaya. Storey bai yi gaggawar zargin kowa ba. Sai ya riƙa ware su iri-iri, yana tsare kowane iri a kan masara mai cuta, sa'an nan ya mai da shi kan lafiyayya, ya zuba ido. Wajen 1925 ya tabbatar mai laifin shi ne wanda masana ke kira Cicadulina mbila, mai ɗigo biyu baƙaƙe a goshi.

Cikin 1928 ya koma Amani, a ƙasar Tanganyika, watau Tanzaniya ta yau. A can ya gane ashe ko cikin irin nan ɗaya akwai masu yaɗa cutar, akwai waɗanda ba su iyawa, abin kuwa gado ne. Da ya huda cikin marasa iyawar da siririyar allura, sai ga shi sun iya. Ashe bangon hanjinsu ne ke tare cutar.

Ya mutu cikin 1969, amma aikinsa bai mutu ba. A kansa masana na IITA a Ibadan suka ɗora, har suka fid da irin masara mai jure cutar. Wani ɗan'uwan ƙwaron nan da ke ƙasarmu ma sunansa ya ci, Cicadulina storeyi.

Mu da za mu fita koyarwa ƙauyukan Borno, yawancin yaranmu 'ya'yan manoma ne. Mu koya musu su duba ƙwaro da kyau, su zana shi, su rubuta ranar da tsiron da suka same shi. Manomin da bai san ɓarawonsa ba, kuɗin magani kawai zai yi ta zubarwa.