Walter Gropius: Mutumin Da Ya Haɗa Aji Da Maƙera

Kujerar aji, butar shayi, fitila da tagar ɗaki, kowannensu akwai wanda ya zauna ya yi tunanin yadda zai kasance kafin a ƙera shi. Wannan aiki shi ake kira tsara fasali. Da yawa cikinmu mun ɗauka baiwa ce kawai, wanda aka haifa da ita ya dace. Tarihin wani Bajamushe mai suna Walter Gropius ya nuna cewa ilimi ne da ake koyo, ake kuma ƙara shi daga tsara zuwa tsara.

An haifi Gropius a birnin Balin na ƙasar Jamus ran 18 ga Mayu, 1883. Ya karanta zanen gine-gine a Munich da Balin, amma bai tsaya ya karɓi digiri ba. Abin mamaki, hannunsa ba shi da kyau wajen zane. Ga mai wannan sana'a kuwa, kamar a ce manomi ne ba ya iya riƙe fartanya. Sai ya koyi bayyana tunaninsa dalla-dalla da baki, abokan aikinsa su sa shi a takarda. Wannan rashi ya koya masa tun da wuri cewa ainihin aikin yana cikin fahimtar matsala, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan ya yi aiki ƙarƙashin wani gwani mai suna Peter Behrens, ya buɗe nasa ofishi a 1910. A 1911 shi da abokinsa Adolf Meyer suka soma aikin masana'antar Fagus a garin Alfeld, inda ake sassaƙa katakon da ake ɗinka takalmi a kansa. A zamanin nan masana'antu duhu gare su. Su kuwa suka yi bangon da gilashi da ƙarfe domin haske ya isa wurin ma'aikata.

Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Gropius ya tafi fagen fama, har aka yi masa rauni. Bayan yaƙin, a 1919, aka ba shi shugabancin makarantu biyu a garin Weimar, ɗaya ta masu zane, ɗaya ta sana'ar hannu. Ya haɗa su wuri ɗaya, ya sa wa sabuwar makarantar suna Bauhaus, wato gidan gini.

Ga yadda koyarwar take. Kowane sabon ɗalibi sai ya yi wata shida yana gwada takarda, katako, ƙarfe, zare da launi, yana lanƙwasawa, yana yankawa, har ya san halin kowanne da hannunsa. Daga nan ya shiga ɗakin sana'a guda, ko kafinta, ko ƙira, ko saƙa, ko ginin tukwane. A shekarun farko kowane ɗaki malamai biyu ne da shi: gwanin sana'a da gwanin zane. Mashahuran masu zane irin su Paul Klee da Wassily Kandinsky sun koyar a nan.

Makarantar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Da fari aikin hannu ta fi ba ƙarfi, amma daga 1923 Gropius ya juya ta wajen tsara kayan da inji zai iya yi da yawa, domin talaka ya iya saye. Wani tsohon ɗalibinta, Marcel Breuer, ya lura da ƙarfen kan keke, mara nauyi amma mai ƙarfi, ya lanƙwasa irinsa ya yi kujera a 1925. Kujerun ƙarfe da muke gani a ofisoshi da makarantu jikokinta ne.

Amma ba a rasa cikas ba. 'Yan siyasar da ba sa son makarantar suka rage mata kuɗi, dole ta koma garin Dessau a 1925, inda Gropius ya zana mata sabon gini da aka buɗe a 1926. Shi kansa yana da nasa laifi: ko da yake an ce ƙofa a buɗe take ga maza da mata, yawancin 'yan mata ɗakin saƙa aka tura su. Ya sauka daga shugabanci a 1928. A 1933, bayan Hitila ya hau mulki, aka matsa wa makarantar har ta rufe, tana da shekara 14 kacal.

Rufewar ta zama kamar an watsa iri. Malamai da ɗalibai suka bazu cikin duniya da hanyar koyarwarsu. Gropius ya tafi Ingila a 1934, ya yi aiki da Maxwell Fry, suka zana makarantar Impington kusa da Cambridge. A 1937 ya wuce Amurka, ya koyar a Jami'ar Harvard har 1952. Ya rasu a Boston ran 5 ga Yuli, 1969, yana da shekara 86.

Shi Maxwell Fry da matarsa Jane Drew su ne daga baya suka zana manyan gine-ginen Jami'ar Ibadan. Da suka tarar da zafin ƙasarmu, ba su kwafi bangon gilashi na Turai ba. Suka yi bango mai huda-huda da baranda mai inuwa domin iska ta ratsa. Wato sabuwar matsala ta haifi sabon sani.

'Yan'uwa ɗalibai, akwai masu raina darasin zanen fasaha, aikin katako da ɗinki, suna ganin na waɗanda boko ya gagara ne. Wannan tunani yana jawo wa ƙasa hasara, domin wanda bai taɓa riƙe zarto ba ba zai san inda katako ke tsagewa ba, komai yawan littafin da ya karanta. In kun shiga ɗakin sana'a a zango mai zuwa, ku tambayi kanku wa zai yi amfani da abin da kuke yi, da me ya kamata a yi shi, kuma ta yaya zai fi na jiya.