Louis Braille, Makahon da Ya Buɗe wa Makafi Hanyar Rubutu

A cikin shekara ta 1809 aka haifi Louis Braille a ƙauyen Coupvray, gabas da birnin Faris, a ƙasar Faransa. Ubansa baduku ne, mai ɗinkin kayan doki. Yana da shekara uku, yana wasa a wurin aikin uban, sai basilla ta soke shi a ido. Ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya cika shekara biyar ya makance sarai.

Iyayensa kuwa ba su ɓoye shi a ɗaki ba. Yaro makaho ba ya ganin fuskar mai magana, bai san an yi murmushi ko an ɗaure fuska ba. Da kunne ya ke koyon gaisuwa, da sanin lokacin magana da na shiru, wannan kuwa ba ya samuwa sai a cikin mutane. Saboda haka limamin cocin ƙauyen ya sa aka karɓe shi a makarantar masu ido, yana saurare yana haddacewa.

A 1819 aka kai shi makarantar makafi ta Faris. Littattafanta kaɗan ne, manya-manya, da haruffa masu tudu waɗanda a ke shafawa da yatsa. Yaro ya iya karanta su da ƙyar, amma ba shi da halin rubuta amsa. A 1821 aka kawo musu dabarar wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, watau rubutun ɗigo goma sha biyu, wanda ya fi ƙarfin kan yatsa. Braille ya duƙufa a kansa har ya rage ɗigon zuwa shida, masu ba da alamomi 63. Ya ƙare a 1824, yana ɗan shekara goma sha biyar, aka buga littafinsa a 1829. Daga nan makaho ya sami ikon rubuta wasiƙa da hannunsa, ba sai ya tona asirinsa ga wani ba.

Ya zama malami a makarantar, har tarin fuka ya yi ajalinsa a 1852, yana da shekara 43. Sai a 1854 makarantar ta amince da rubutunsa. Yau da shi a ke rubuta harsuna da yawa, har da Hausa da Larabci.

To, mu malamai, idan aka kawo mana yaro makaho, kada mu kai shi lungu. Mu kira sunansa kafin mu yi masa magana, mu faɗa masa wanda ya shigo, mu zaunar da shi cikin tsaransa, sa'an nan mu nema masa hanyar wannan rubutu.