Walter Cannon: Likitan da ya nuna yadda abinci ke fita daga tumbi

An haifi Walter Bradford Cannon ranar 19 ga Oktoba, 1871, a garin Prairie du Chien da ke jihar Wisconsin ta Amurka. A 1896 ya shiga makarantar koyon aikin likita ta Jami'ar Harvard, shekara guda bayan Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus.

A wancan zamani, da wuya likita ya ga motsin tumbi ba tare da an tsaga ciki ba. Tun yana ɗalibi, Cannon ya gauraya abinci da garin bismut, sinadarin da hasken eksire ba ya ratsawa, ya ba kyanwa, sannan ya zuba ido kan inuwar abincin a cikinta. Ya ga tumbi yana matsa abinci zuwa wata ƙofar tsoka da ke tsakaninsa da ƙaramin hanji, ƙofar tana buɗewa lokaci-lokaci tana sakin abincin kaɗan-kaɗan. Ya wallafa sakamakon a 1898. Daga baya ya nuna cewa abinci mai sitaci ya fi saurin wucewa, mai maiƙo kuwa ya fi jinkiri. Ya kuma lura cewa da zarar kyanwar ta firgita ko ta fusata, motsin tumbinta yakan tsaya cak.

A kan wannan tubali aka gina gwajin da ake shayar da majinyaci ruwan bariyum kafin ɗaukar hoto, wanda har yau ake yi a manyan asibitocin Najeriya. Idan mai ciwon sukari ya je wurin likita a Abuja da kumburin ciki, saurin ƙoshi da aman abincin da ya ci sa'o'i da dama da suka wuce, tambayar da ake bi ita ce ta Cannon: ƙofar ce ta toshe, ko tumbin ne ya yi rauni? Shi ya sa ake fara leƙa ciki da na'ura, sannan a auna saurin fitar abinci na tsawon sa'o'i huɗu, domin maganin kowanne daban ne.

Cannon ya jagoranci sashen nazarin aikin jiki a Harvard daga 1906 zuwa 1942. Ya daɗe yana fama da cutar fata da ake dangantawa da hasken da ya yi aiki da shi ba tare da kariya ba. Ya mutu ranar 1 ga Oktoba, 1945.