Tarihin Edwin Armstrong, Mutumin da Ya Kawo Mana FM

A wannan makon na kawo muku tarihin wani mutum da muke amfani da aikinsa kullum amma ba mu san sunansa ba. Abin da ya sa na nemi tarihinsa shi ne oba-oba ɗin nan ta 'yan sanda. Ina ganin ta a hannunsu a Ƙofar Kwaya idan za mu zo makaranta. Ba a sa mata kati, ba ta da layi, amma da sun danna sun yi magana sai a ji su. Da na tambaya sai aka ce mini yawancinsu da FM suke aiki, wato danginsu ɗaya da rediyon da muke kama Companion FM da shi. Mutumin da ya sa FM ta zama abin amfani sunansa Edwin Howard Armstrong.

An haife shi ranar 18 ga Disamba, 1890, a birnin Niyok na ƙasar Amurka. Yana ƙarami ya kamu da wata cuta mai sa jiki fizga, har ya yi shekara biyu yana karatu a gida. Bayan haka iyayensa suka koma garin Yonkers. A can ya cika ɗakinsa da wayoyi da batura, ya kafa doguwar eriya a tsakar gida, yana hawa har ƙarshenta. Tun yana yaro ba ya tsoron bisa ko kaɗan.

Ya shiga Jami'ar Kolombiya a 1909, ya gama a 1913. Tun bai gama ba, a 1912, ya gano yadda za a ƙara wa rediyo ƙarfi ya kamo tasha mai nisa da murya sosai. A yaƙin duniya na farko ya je Faransa a matsayin soja, har ya kai muƙamin manjo, kuma a 1918 ya ƙirƙiro wani tsarin kama tasha wanda har yau akwatunan rediyo da yawa suke bi. Ya sayar wa kamfanoni ƙirƙirarsa ya yi kuɗi sosai. A 1923 ya auri Marion MacInnis, sakatariyar abokinsa David Sarnoff, wanda babba ne a kamfanin rediyo na RCA. Kyautar auren da ya ba ta rediyo ne da ake iya ɗauka a yi tafiya da shi.

Akwai wani mai ƙirƙira, Lee de Forest, da ya ce shi ya fara gano dabarar 1912 ɗin. Suka daɗe suna shari'a, a 1934 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ba de Forest gaskiya. Armstrong ya je ya mayar da lambar yabon da ƙungiyar injiniyoyin rediyo ta ba shi, suka ƙi karɓa, domin su a wurinsu shi ne mai abin.

Yanzu ga inda ya fi ba ni sha'awa. Duk wanda ya taɓa sauraron rediyo a gajeren zango ko matsakaicin zango da damina ya san ƙarar nan mai kama da an jefa ƙosai a mai idan an yi walƙiya. Wannan rediyon shi ake kira AM. A tsarinsa ana ɗora murya a kan igiyar rediyo ta hanyar ƙara mata ƙarfi da rage shi. Ita ma walƙiya ƙarfin igiyar take taɓawa, shi ya sa akwatin ba ya bambance ta da muryar mutum. A FM kuwa ƙarfin yana nan yadda yake, saurin kaɗawar igiyar ne ke hawa da sauka yana bin muryar.

Ba Armstrong ya fara tunanin FM ba. Kafin shi wasu sun gwada, amma su so suke su matse ta ta ci ɗan ƙaramin wuri a sarari. A 1922 wani masanin lissafi, John Carson, ya nuna cewa matsewar ba ta da wata riba, sai mutane suka watsar da ita. Armstrong ya bi ta baya. Maimakon ya matse sai ya faɗaɗa ta sosai, ƙarar ta kusan ɓacewa. Ya sami takardar mallakar wannan ƙirƙira a Disamba 1933. A Nuwamba 1935 ya tara injiniyoyi a Niyok ya kunna musu. Daga wani gida a Yonkers aka tsiyaya ruwa a kofi, aka yaga takarda, suka ji kamar a gabansu ake yi.

Sai dai abu mai faɗi wuri yake ci, kuma sararin da igiyoyin rediyo ke bi kamar kasuwa ne, rumfunan ƙidayayyu ne. Idan biyu suka hau mita ɗaya babu wanda za a ji. Shi ya sa kowace ƙasa take da hukumar da ke raba wurin. Ta Amurka sunanta FCC. Kamfanin RCA, wanda ya bar shi yana gwaji a saman dogon benen Empire State, ya ce ya kwashe kayansa a 1935 domin su talabijin suka sa a gaba. Sai ya gina tasharsa da kuɗinsa a Alpine, jihar New Jersey, da hasumiya mai tsawon kusan mita 130. A 1940 hukumar FCC ta amince ta ba FM wuri daga megahaz 42 zuwa 50, kowace tasha faɗin kilohaz 200.

A wannan shekarar ne 'yan sandan jihar Connecticut suka fara amfani da rediyon FM na magana da amsawa a motocinsu, wanda wani injiniya mai suna Daniel Noble ya tsara. Da Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, Armstrong ya bar wa sojoji ƙirƙirarsa kyauta, bai karɓi ko sisi ba. Noble ya koma kamfanin Galvin, wanda daga baya ya zama Motorola, suka ƙera oba-oba ta FM mai suna SCR-300. Ba a hannu ake riƙe ta ba, goya ta soja yake yi a baya saboda nauyi.

Abin da ya ba ni dariya shi ne, oba-oba ta yau ta koma ga matsewar da Armstrong ya guje wa. Dalili kuwa, ɗan sanda ba waƙa zai sa ba, magana kawai yake so a gane. Saboda haka ana ba kowane layi faɗin kilohaz 25 ko 12.5 kacal. Na yi lissafi, a wurin da tashar FM ɗaya take zaune za a iya jera layin oba-oba 16 masu faɗin 12.5. Muryar ba ta fita da daɗi kamar ta gidan rediyo, amma mutane da yawa sun sami wuri. A Amurka FCC ta tilasta wa masu irin wannan rediyo da dama su koma 12.5 daga ranar 1 ga Janairu, 2013. A Najeriya hukumar NCC ce ke duba nau'in na'urar sadarwa ta amince kafin a sayar da ita, NBC kuma ita ke ba gidajen rediyo lasisi. Duka biyun a 1992 aka kafa su.

Mu koma ga Armstrong. A 1945 hukumar da ta ba shi wuri ita ce ta tashe shi. Ta mayar da FM sama, inda take a yanzu, daga 88 zuwa 108, ta ce a tsohon wurin tashoshi masu nisa za su riƙa shiga juna. Rediyon da mutane suka riga suka saya, dubu ɗaruruwa, suka daina kama komai, tashoshi kuma dole suka sake injuna. Armstrong ya yi imani da cewa da hannun RCA a ciki. Ni dai a ganina ko da hukumar tana da hujja, waɗanda suka sayi rediyo da kuɗinsu an cuce su.

Tun a 1940 RCA ta yi masa tayin dala miliyan ɗaya don ta yi amfani da FM, ya ƙi, domin sauran kamfanoni a kan kowane rediyon da suka sayar suke biyansa. A 1948 ya kai RCA kotu cewa tana amfani da ƙirƙirarsa ba ta biya. Lauyoyi suka yi ta jan shari'ar shekara da shekaru, dukiyarsa tana ƙarewa, abotarsa da Sarnoff ta mutu. A ƙarshen 1953 suka sami saɓani da matarsa a kan kuɗi, ta tafi wurin 'yar'uwarta. A daren 31 ga Janairu, 1954, ya faɗo da kansa ta tagar gidansa daga hawa na 13. Yana da shekara 63. Da na zo wurin nan a karatuna sai da na ajiye littafin. Allah Ya kiyashe mu da yanke ƙauna.

Marion ce ta ɗauki shari'o'in. Kafin shekarar ta fita RCA ta biya ta dala miliyan ɗaya da 'yan kai, kusan abin da ya ƙi karɓa shekara 14 da suka wuce. Ta ci gaba da bin sauran kamfanonin ɗaya bayan ɗaya, wasu suka sasanta, wasu kotu ta kayar da su. Na ƙarshe da ta kayar, a 1967, shi ne Motorola, kamfanin da ya ƙera oba-oba ɗin da sojoji suka goya a yaƙi.