Labarin Andrew Cunningham, Sarkin Yaƙin Ruwa na Ingila

A cikin sarakunan yaƙin ruwa na Ingila, kaɗan ne suka ɗanɗana daɗin jirgin sama da ɗacinsa kamar Andrew Cunningham, shi ya sa muka ga ya kamata mu ba 'yan'uwa labarinsa.

An haife shi a Dublin cikin 1883. Ubansa babban malami ne mai koya wa likitoci sanin jikin mutum, amma yaron ruwa ya nufa. Yana da shekara 14 ya shiga makarantar mayaƙan ruwa. Daga 1911 har 1918 yana riƙe da wani ƙaramin jirgin yaƙi mai gudu, sunansa Scorpion, yawancin lokacin nan kuwa cikin Bahar Rum ya yi shi. Da shi ya yi yaƙin mashigin Dardanel cikin 1915. Nan ya san tekun nan kamar yunwar cikinsa.

Cikin Yuni 1939 aka ba shi shugabancin dukan jiragen yaƙin Ingila na Bahar Rum. To, tekun nan nesa yake da Ingila, amma ta cikinsa hanyarta ta bi zuwa Masar da Indiya, don haka ta ajiye jirage a Jibiralta da tsibirin Malta da Iskandariya. Da Italiya ta shiga yaƙi cikin Yuni 1940, sai hanyar ta zama mai hatsari ƙwarai. Dalili ke nan da aka riƙa harhaɗa jiragen sama a Takoradi, a bi da su ta Kano da Maiduguri zuwa Khartum, kāna Masar.

Manyan jiragen yaƙin Italiya kuwa suna kwance a tashar Taranto, bindigogi sun kewaye su, ba mai iya kusanta ta ruwa. Sai Cunningham ya karɓi dabarar wani hafsansa, Lyster, watau a tafi musu ta sama. Yana da jirgi mai suna Illustrious, wanda bisansa fili ne shimfiɗaɗɗe, jiragen sama na tashi suna sauka. Daren 11 ga Nuwamba 1940 jiragen sama 21 suka tashi daga kansa. Tsohon yayi ne, ana ce da su Swordfish, fukafukansu da ƙyalle aka rufe, ba su kuma da gudu. Waɗansu suka ɗauki bom da fitilun haskaka tasha, waɗansu suka ɗauki tofido, watau harsashin nan mai tafiya cikin ruwa ya fasa jirgi daga ƙasa. Kafin gari ya waye manyan jiragen Italiya uku sun sha ruwa, ɗaya daga ciki bai sāke fita yaƙi ba. Jiragen sama biyu kaɗai aka rasa. Bayan shekara guda Japan ta yi wa Amurka irin wannan a Pearl Harbor.

Cikin Maris 1941, kusa da Matapan a ƙasar Girka, jiragen samansa suka sāke raunana abokan gāba, shi kuwa ya cim musu da dare, ya nutsar da jirage biyar.

Amma wuƙar da ta yi yanka ita ce ta juyo. Cikin Mayu 1941 Jamus ta faɗa wa tsibirin Kirit ta sama, sojan Ingila da na ƙawayenta suka rasa mafita sai teku. Jiragen Cunningham ba su da inuwar jirgin sama bisa kansu, ga na Jamus suna yi musu ruwan bom daga safe har magariba. Waɗansu suka ga gara a janye kada jiragen su ƙare. Shi kuwa ya ƙi, don a ganinsa jirgi in ya nutse a ƙera wani, amma in mayaƙan ruwa suka yar da sojan ƙasa a bakin gāɓa, amanar da ta karye ba ta ɗinkuwa da wuri. Aka ci gaba da zirga-zirga cikin dare har aka kwashe soja wajen 16,500 zuwa Masar. Yaƙin Kirit ya ci jiragensa tara, da mayaƙan ruwa fiye da 1,800. Daga nan kowa ya gane jirgin ruwa, kome girmansa, tsirara yake in babu mai tsaronsa daga sama.

Daga baya sa'a ta komo. Shi ya shugabanci jiragen da suka sauke soja a arewacin Afirka cikin Nuwamba 1942, da tsibirin Sisili cikin Yuli 1943. Cikin Satumba na shekaran nan jiragen yaƙin Italiya suka zo Malta suka miƙa wuya. Wata guda bayan haka aka naɗa shi shugaban dukan mayaƙan ruwa na Ingila, ya riƙe har 1946. Ya mutu a London ran 12 ga Yuni 1963, aka kai gawarsa teku daura da Portsmouth aka saka.

Mu da muke shirin riƙon 'ya'yan mutane, abu biyu muka tsinta a nan. Dattijo ne mai shekara 57 sa'ad da ya yarda da sabuwar dabara daga bakin na ƙasa da shi. Ran da abu ya ɓaci kuwa, bai bar waɗanda suka dogara gare shi ba.