Alhaji Abubakar Imam da Yadda Ya Koyi Ɗinkin Labari

Shi dai Alhaji Abubakar Imam an haife shi a Kagara cikin shekarar 1911, a gidan malanta da alƙalanci. Da allo ya fara, kana ya shiga Kwalejin Katsina, ya fito a 1932 ya zama malamin makarantar Midil ta garin.

A 1933 Dokta East, Baturen Ofishin Fassara na Zariya, ya sa gasar rubuta hikayoyi da Hausa. A wancan zamani malamai da yawa suna ganin ƙaga labari aikin tsofaffin mata ne da yara, bai kamaci mai alƙalami ba. Malam Abubakar kuwa ya san manyan malaman Larabawa sun yi irinsa, gama ga Maƙamatul Hariri nan ana karantawa a zaure. Sai ya rubuta Ruwan Bagaja. Ya ba matafiyin littafin buƙata guda, watau neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma haɗa shi da Malam Zurƙe, abokin hamayya da suke gamuwa gari gari, kowa na rama abin da aka yi masa. Wannan buƙata ita ce zaren da ya riƙe tafiyar duka.

A 1936 aka kira shi Zariya, East ya tara masa littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, ya riƙa rubutu suna dubawa tare. Da haka Magana Jari Ce ya samu, littafi uku. A nan gwanintarsa ta cika. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci ga Musa ɗan sarki, in ya fita gida ya halaka. Ba mai tsare shi sai aku, aku kuwa ba shi da makami sai baki. Saboda haka kowane labari da ya ba da, ran yaro yake saye da shi har gari ya waye, mai karatu kuma ba ya iya ajiye littafin sai ya ga ƙarshen Waziri.

Fatake sun san kaya komi kyaunsa, in ɗauri bai yi ba, a hanya yakan zube. Haka labari yake, haka wa'azi, haka karatun da malam ke ba almajiri.

A 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, daga baya ya zauna cikin Majalisar Jihar Arewa a Kaduna. Ya rasu a Zariya a 1981, amma har yau yara na karanta akunsa. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.