Rene Dumon, baturen da ya yi wa manomi lissafi

A wannan fitowa mun ɗauko tarihin wani bature ɗan Faransa mai suna Rene Dumon, malamin gona kuma marubuci. Ba ɗan ƙasarmu ba ne, amma maganar da ya kwashe shekaru yana yi maganar gujiyarmu ce da hatsinmu.

An haife shi a garin Kambre, arewacin Faransa, ranar 13 ga Maris 1904. Mahaifinsa malamin aikin gona ne. Ya yi karatu a babbar makarantar noma ta birnin Pari, kuma a 1929 aka tura shi Tonkin, cikin Biyetnam ta yanzu, don aikin shinkafa. Can ya ga yadda ƴan mulkin mallaka ke wulaƙanta manomi, bai daɗe ba ya aje aikin ya koma gida. Daga 1933 har 1974 yana koyarwa a makarantar da ta yaye shi.

Ba za mu ɓoye ba, farkonsa ba shi da bambanci da sauran masana na lokacin. Bayan yaƙin duniya na biyu yana cikin masu kiran a zuba takin zamani da motocin noma ko'ina. Yawon gonaki ne ya canza masa ra'ayi sannu a hankali. Al'adarsa in ya isa ƙasa ba ya zama a ofis. Sai ya shiga karkara da ɗan littafinsa, ya tsaya bakin gona, ya tambayi mai ita: nawa ka shuka, nawa ka girbe, nawa aka saya, nawa ka biya haraji, nawa ya rage. Ya rubuta duka, sannan ya buga a littafi ko a jarida.

A 1962, shekara biyu bayan ƴancin kai, ya fitar da littafin da ya sa sunansa ya zagaya, L'Afrique noire est mal partie, wato Afirka ta ɗauki hanya ba daidai ba tun daga tashi. A ciki akwai lissafin da har yau ba a manta ba. Ya nuna depite yana aiki wata uku a shekara, kuma albashinsa na wata shida, wanda ladan aikin wata ɗaya da rabi ne, ya kai abin da manomi ke samu cikin shekara 36. Rayuwar mutum ke nan gaba ɗaya a duƙe bisa hauya. Ya soki manyan motocin ministoci da gine-ginen alfarma da ake yi da kuɗin da aka tatsa daga amfanin gona. Gwamnatoci da dama sun hana littafin shiga ƙasashensu, ɗalibai kuwa suka riƙa karanta shi a ɓoye.

Mu ma malaman lakwal bai ƙyale mu ba. Ya ce makarantar da Faransa ta bari tana koya wa yaro raina gona, ya fito ba abin da yake so sai kujerar ofis. Maganar tana da ɗaci, amma duk wanda ya koyar a ƙauye ya san akwai gaskiya cikinta.

Dattawa za su tuna a wannan shekara ta 1962 ne aka kafa SONARA mai sayen gujiya a Nijar, da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma da bashi. Gujiya ta riƙe aljihun gwamnati shekaru, filayenta suka ci wurin hatsi da na saura, gonaki suka yi ta matsawa arewa duk da dokar 1961 da ta shata iyakar noma, iyakar da mu mutanen Dakoro muka sani a wajen Tarka. Abin da Dumon ya yi ta gargaɗi a kai ke nan: ƙasar da ta dogara da amfani guda na sayarwa waje, farashinsa kuma a hannun wasu, ranar da ruwa ya ɗauke ba ta da rumbu. Farin 1973 da 1974 ya zo, cutar gujiya ta biyo baya a 1975, kasuwar ta faɗi.

A watan Mayu na 1974, mako uku bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Diori Hamani, Dumon ya tsaya takarar shugaban Faransa da sunan kare ƙasa da ruwa da itatuwa, shi ne na farko da ya yi haka. Ya fito a talabijin da jar rigarsa ya sha kofin ruwa, yana nuna wa mutane ruwa zai yi wuya nan gaba. Ƙuri'unsa ba su kai biyu cikin ɗari ba. Bai daina yawo ba. Bayan yunwar 1984, wadda a nan muke kira El-Buhari, ya fitar da Pour l'Afrique, j'accuse a 1986, labarin abin da ya gani a Sahel, inda ya dage a kan wahalar mata da kuma haƙƙin manoma su kafa ƙungiyoyi nasu na kansu, ba waɗanda gwamnati ta ɗora musu ba.

Ya rasu ranar 18 ga Yuni 2001 kusa da Pari, yana da shekara 97. Takardunsa da hotunan da ya ɗauka an tattara su a gidan adana kayan tarihi na makarantar noman da ya koyar, masu bincike suna zuwa duba su.

Namu takardun na wancan zamani suna cikin adakoki da tukwane, gara na cin su. Saboda haka kwamiti yana roƙon duk wanda ke da tsohon katin ƙungiyar manoma, ko takardar awon gujiya, ko ta haraji ko ta bashin iri, ya kawo wa magatakarda kafin taron bayan kaka. Za a kwafe a mayar wa kowa abinsa. Ƴan ci-rani su aiko da nasu ta hannun masu zuwa gida.